Kason da Bai Shiga Lissafi Ba

Da Inna ta rasu, malam ya zo da alƙalaminsa
ya raba komai a tsakar gidanmu na Gangare.
Keken ɗinki ya faɗo hannuna.
Mudi ya samu fili a Rikkos, da rediyon da ba ya kama tasha.
Sahura, kwalla uku da zoben azurfa.
Aka shafa fatiha, aka ce an gama.

Kakata Dudu wankin kuza take yi,
ƙafa cikin ruwan sanyi tun asuba.
Da nononta na hagu ya yi tauri kamar ɗanyar gwaba
aka ce jifa ne.
Aka turara, aka shafa, aka tofa,
ta tafi kafin a tone dankalin shekarar.
Na Goggo Larai, maruru ne wai, ya ƙi fashewa.
Inna ta ɓoye nata wata goma sha ɗaya
ƙarƙashin rigar sanyi da mayafi biyu.
A Jos wa zai tambayi mace don me ta rufa da yawa?
Sai da warin ya riga bakinta magana.

Ranar Talata na hau mota zuwa Lamingo.
Likita Nanret ba ta fara da taɓa ni ba,
takarda ta jawo, ta ce in kira mata matan gidanmu.
Kowace mace da'ira ɗaya.
Wadda ciwon ya ci, ta cike ta da baƙin biro.
Dudu, baƙi.
Larai, baƙi, tana talatin da takwas.
Inna.
Ni fara ce tukuna, ina ƙasansu
kamar ƙwai a bakin tebur.

Ta ce, "Ba hukunci na rubuta ba.
Ba kowace 'ya ke ɗauka ba,
ba kowace mai ɗauka ke kwanciya ba.
Amma mai gida a bakin Dilimi
ba ya barcin damina irin na mai gida a tudu."
Ta ce mu ba ma jiran shekarun da sauran mata ke jira
kafin mu zo a yi hoto.
Ta ce namiji ma yana ɗauka, ya miƙa wa 'ya'yansa
bai san ya miƙa ba.
Wannan gadon bai san kashi biyu da kashi ɗaya ba.

Da ta faɗi kuɗin gwajin jinin
sai na mayar da shi rigunan makaranta a kaina.
Na ƙirga har na ɓata.
To, keken Inna zai taka.
Gado ɗaya ya biya wa ɗaya.

Mudi ya kashe min waya.
"Kina kira mana mugun abu da bakinki."
'Ya'yansa mata huɗu ne, ƙaramar tana da wushiryar Dudu.
Zan sake kira ranar Juma'a bayan ya ci abinci.

Yanzu duk wata, idan al'ada ta ɗauke da 'yan kwanaki,
ina sa sakata, in tsaya gaban madubin awo.
Yatsun nan da ke gane ƙullin zare a cikin shadda ido rufe
su nake aikawa,
daga hamata, a hankali, zagaye bayan zagaye.
Wani watan zuciyata na bugawa har a haƙora.

Jiya Nuwaira ta ƙwanƙwasa.
"Umma, me kike yi da kike rufe ƙofa?"
Shekararta goma sha bakwai.
Na tuna mayafin Inna, guda biyu.

Na zare sakatar.
Na ce, shigo, ki ɗauko biro da bayan kalandar can.
Za mu fara daga Dudu.